Yadda za ka gyara kwalin ƙofar tsohuwar mota ya jure daminar Legas

Tsohuwar Fijo 504 da ta shekara talatin tsakanin Katsina da Daura kwalayen ƙofofinta na nan garau, idan aka gangaro da ita Legas, damina biyu ta isa ta gama da su. Ranar Arewa ta riga ta busar da robar da ke bakin gilashi har ta tsattsage, amma da yake ruwan can na 'yan watanni ne, iska kuma a bushe take, ƙofa kan sha ruwa da safe ta bushe kafin la'asar. A nan kuwa ruwan da ke sauka a shekara ya kusa ninka na Kano, daga Afrilu har Oktoba in ka ɗauke ɗan sararin da ake samu a Agusta, iskar ma kanta a jiƙe take. Abin da ya jiƙe a Yuni sai ya kai Satumba bai bushe ba. Daga nan sai gindin kwali ya kumbura ya yi ciki, ledar da ke kansa ta saki tana reto, mota ta ɗauki wani wari da ko turaren wuta ba ya kashewa.

Abin da aka saba yi shi ne a kai wa mai ɗinkin kujerun mota, ya lafta gam, ya ɗaura sukurori ta saman leda, a biya shi a tafi. Damina na zagayowa a koma gidan jiya, domin kwali aka gyara, ruwan da ya ɓata shi yana nan yana bin hanyarsa. Shi ya sa a wannan jagorar za ka ga na ɓata lokaci a kan ƙofar kanta kusan yadda na ɓata a kan kwalin.

Abin da ke bayan ledar

Allo ne na zaren itace da aka dafa da tururi aka matse da zafi har ya zama siriri mai tauri, kaurinsa wajen milimita 3. Wani Ba'amurke, William Mason, ya gano hanyar yin sa a 1924, masu ƙera motoci kuma suka rungume shi saboda arha da rashin nauyi. Irinsa ne a Fijo 504 da kamfanin PAN ya riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, da Bitil ɗin da Volkswagen ta harhaɗa a Ojo kan hanyar Badagry, da Datsun, da tsofaffin Toyota, da allunan cikin danfo. Matsi ne ya haɗa zaren, don haka idan ruwa ya shiga sai ya saki ya buɗe, kuma ko ya bushe ba ya komawa kaurinsa na da. Wannan ne ya sa shanya kwali a rana kawai ba ya zama gyara.

Daga shekarun 1990 yawancin motoci sun koma allon da aka zuba a mazubi, mai tudu da kwari, wani na zaren itace, wani na roba. Irin wannan ba a yanko masa sabo daga shimfiɗaɗɗen allo, sai dai a ɗinke shi da faiba irin na masu gyaran bodi ko a nemo na tokumbo. Kuma in ka ga an rubuta SRS ko Airbag a jikin kwalin, kamar a wasu Marsandi da BMW na ƙarshen shekarun 1990, akwai jakar iska a cikin ƙofar. Wannan ba aikin tsakar gida ba ne, kai wa wanda ya san kanta.

Cire kwalin ba tare da ka ƙara masa ciwo ba

Rabin ɓarnar da nake gani a kwalayen mutane ba ruwa ya yi ta ba, hannu ne. Riwaya, wato mai gyaran wayoyin mota, ya zo gyaran sifika, ya sa sukudireba ya ɓanɓaro, ya fizge. Kai kada ka yi haka.

Sauke gilashi ƙasa, ka ɗauki hoton ƙofar da wayarka. Kwance duk abin da aka ɗaura ta saman kwali: madogarar hannu, zoben da ke kewaye da mabuɗin ƙofa, maɓallin kulle na sama wanda yawanci murɗe shi ake yi ya fita. Sukurori na ɓuya a ƙarƙashin 'yan murafun roba, laluba da kyau. Hannun ɗaga gilashi shi ne ke ba mutane wahala. A wasu motocin sukuru ne a tsakiyarsa bayan murfi. A wasu kuma, musamman na Japan, wata 'yar waya ce mai siffar kofaton doki ke riƙe shi ta baya. Danna kwalin ciki kaɗan, ka zura gefen tsumma tsakanin hannun da kwalin, ka riƙa ja hagu da dama, tsumman zai kamo wayar ya tuɓe ta. Tana da tsalle, don haka shimfiɗa wani abu a ƙasa, in ta faɗa cikin yashi ko kwata ka yi sallama da ita.

Sai kilif-kilif ɗin gefe, wato 'yan maƙalan da ke riƙe kwalin a jikin ƙofa. Nemi faffaɗan abu marar kaifi, wuƙar da masu fenti ke kankare bango da ita ta wadatar, ka naɗe bakinta da salatif. Zura ta daga kusurwar ƙasa, ka matsa har ka ji ta tokari kilif, sannan ka ɓanɓara daidai gindinsa. In ka ɓanɓara a tsakanin kilif biyu, kwali ne zai yage, kilif ya zauna a ƙofa yana kallonka. Bi su ɗaya bayan ɗaya, in sun fita duka ka ɗaga kwalin sama, domin bakinsa na sama yakan rataya ne a jikin ƙarfe. Marsandi V-Boot da 190 kuwa ƙugiyoyin roba ne ke riƙe kwalinsu, ba a jan sa waje sam, sama ake tura shi ya zare. Wanda ya ja waje ya karya ƙugiyoyin, kuma samun su ba wasa ba ne. In akwai wayoyin gilashi ko sifika, zare su kafin ka janye kwalin. Kayan kowace ƙofa a ledarsu daban, ka rubuta a jiki.

A gyara ko a sauya

Kwantar da shi a kife a kan tebur ka bi shi da babban yatsa kana dannawa. Inda yake da lafiya za ka ji tauri, in ka ƙwanƙwasa ya yi ƙara. Inda ya mutu yatsa zai nutse, ya riƙa ɓarewa salo-salo, kamar burodin Agege da aka tsoma a shayi. Zagaye duk wurin da ya mutu da alli.

Hukuncina a nan mai sauƙi ne. In lanƙwasa kawai ya yi amma naman allon na da ƙarfi, a miƙar da shi. In ramukan kilif biyu ko uku ne suka yage, ko kusurwa ɗaya ta karye, a yi masa faci. In kuwa ruɓewar ta ci gindin daga wannan gefe zuwa wancan, ko ta hau sama da faɗin tafin hannu, kada ka wahalar da kanka, sabon allo ya fi sauƙi kuma ya fi ƙarko. Motar da ambaliya ta shiga har ruwan kwata ya taɓa kwali, soson da ke ƙarƙashin leda ya tafi ke nan ko da allon ya tsira, warin ba ya fita.

Akwai kuma hanyar Ladipo a Mushin, ko Owode Onirin ta wajen Mile 12, inda za ka iya dacewa da na tokumbo. Can domat suke ce masa, in ka ce kwali sai a daɗe ba a gane ka ba. Tafi da naka a hannu don a gwada, kuma ka juya bayan wanda aka miƙo maka. Fuska takan yi kyau don an goge ta da mai, amma kayan da ya kwana a ƙasan rumfa damina guda bayansa zai gaya maka gaskiya: tabon ruwa mai launin shayi, ƙura-ƙuran fumfuna, gefe ya kumbura. Na motocin shekarun 1970 da 1980 ma samun mai lafiya sai an sha yawo, kuma shi ma shekarunsa ɗaya da naka.

Duk hukuncin da ka yanke, tsohon allo ba abin yarwa ba ne. In a shago ake maka aikin, za ka ji yaron shago ya ce, "Maigida, a watsar da wannan ko?" Ce masa ya ajiye. Shi ne ma'aunin da za a fitar da sabon da shi.

Raba leda da allo

Ajiye kwalin a rana na ɗan lokaci leda ta yi laushi, tsohuwar leda in da sanyi aka lanƙwasa ta tsagewa take yi. Ta baya za ka ga an naɗo bakinta an kama da gam ko da ƙananan filolin sitefula. Zare filolin da ɗan siririn sukudireba da filaya. In akwai adon ƙarfe mai sheƙi a fuskar, 'yan kunnuwansa sun huda allo an lanƙwasa su ta baya. Miƙar da su a hankali, sau ɗaya, domin ba sa jure a yi ta kai su ana kawowa.

Wurin da ake yin asara shi ne layukan adon nan da ke kwance a fuskar kwali. A motoci da yawa ba ɗinki ba ne, da zafi aka narka ledar ta kama allo a kan layin. In ka ja da ƙarfi leda za ta yage daidai nan, kuma ba ta ɗinkuwa. Zura reza ko siririyar wuƙa a kwance, bakinta na kallon allo, ka riƙa yankowa har da ɓawon allon. Gara ledar ta fito da ɗan kwali manne a bayanta, daga baya ka kankare, da ta fito da rami. Ledar asali, in tana da rai, ta fi duk wadda za ka saya yanzu dacewa da motar. Wanke ta da sabulu da ruwa, bayanta kuma ka goge fumfuna da ruwan bilic da aka sirka sosai, ka shanya a inuwa. In yadi ne ba leda ba, bilic zai cinye launinsa, tsaya a sabulu.

Miƙar da wanda ya lanƙwashe

Jiƙa tsumma ka matse, ka shafe bayan allon ya yi danshi kawai, ba sharkaf ba. Shimfiɗa shi a daɓe mai laushin fuska tsakanin filawud biyu, da tsofaffin jaridu sama da ƙasa, ka jera bulo a kai. Kullum ka sauya jaridun. A watan Janairu kwana biyu zuwa uku kan isa, a Yuni kuwa sai ka ba shi mako, kuma a cikin ɗaki mai fanka. In gaggawa kake yi, dutsen guga a kan tsumma mai danshi na taimakawa, amma duk da haka sai ya kwana a ƙarƙashin nauyi. Kada ka ɗauke bulo alhali allon na da sanyi a hannu, sanyin nan ruwa ne. Wanda duk ke da zaɓi ya bari sai tsakanin Disamba da Fabrairu ya yi wannan aikin gaba ɗaya.

Faci da ramukan kilif

Nan ruwan faiba ke aiki, irin wanda masu gyaran bodi da bamba ke amfani da shi. Ana sayar da shi da tabarmar zarensa da 'yar kwalbar maganin da ke daskarar da shi. Ma'auni shi ne mililita 1 zuwa 2 na maganin a cikin mililita 100 na ruwan faiba, sirinji ya fi ido iya wannan awo. Da zafin Legas, tsaya a kan ƙaramin ma'aunin, kuma ka dama kaɗan-kaɗan, don cikin minti goma zuwa sha biyar zai fara kama jikinsa. A gwangwani ake damawa, don ruwan faiba yana narkar da farar robar nan ta zuba abinci. Sa safar hannu, kuma ka kiyayi idonka da maganin daskarwar, ɗigo ɗaya na iya yi wa ido mummunar illa.

Kankare duk abin da ya yi laushi a bakin ramin har ka iso nama mai tauri. Manna salatif mai faɗi ta fuskar allon ya toshe ramin, ka kwantar da shi a kan abu shimfiɗaɗɗe da leda a ƙasa. Fara shafa ruwan faiba zalla a gefen raunin ya tsotsa, domin tsohon allo na shan sa sosai, kuma wannan shan shi ne ƙarfin facin. Sannan ka cika ramin da yagaggen zare, ka ɗora wani yanki da ya zarce ramin da yatsu biyu ta kowane gefe, ka daddanna da burushi har zaren ya daina fari. In ya daskare ka goge da samfefa.

Abin lura shi ne kauri. Kilif an yi shi ne ya ciji allo mai milimita 3. In facinka ya yi tudu, kilif ba zai shiga ba, ko kwali ya ƙi kwanciya a jikin ƙofa. Goge daidai inda kilif zai zauna har ya dawo kaurin sauran allon, sannan ka huda sabon rami. Tsaga kuwa, buɗa ta kaɗan ka ɗura farin gam na kafinta irin su Top Bond, ka matse ta kwana, sannan ka bi bayanta da faiba shafi ɗaya. Farin gam shi kaɗai ba ya jure danshi.

Yanko sabon allo

A kasuwar katako ta Mushin ko wajen masu sayar da kayan kafinta a Agege za ka samu allo mai ƙafa 4 da ƙafa 8, wanda yakan fitar da ƙofofi huɗu na ƙaramar mota in an iya jera su. Wanne za ka ɗauka? Irin na asali, wato habod mai milimita 3, yana da sauƙin yanka, yana bin 'yar lanƙwasar ƙofa, yana karɓar fil. Filawud mai milimita 3 zuwa 4 ya fi shi jure ruwa da riƙe sukuru, sai dai ka duba kada ya zama mai ɓawo kamar takarda wanda ke ɗayewa tun a shago. MDF, wato allon garin katako da aka matse da gam, kada ma ka tsaya a kansa, ya fi kowa tsoron ruwa. Akwai kuma farin allon roba da masu yin allunan talla ke amfani da shi, ana samu a wajen Shomolu inda harkar ɗab'i ta yi sansani. Ruwa ba ya yi masa komai, amma zafi na sa shi laushi, motar da aka kulle a rana kuwa cikinta na iya haura digiri 60, kuma bai iya riƙe fil ba. Ni dai filawud mai kyau nake zaɓa in ƙofar a miƙe take, habod in tana da lanƙwasa. Kada kwaɗayin ƙarfi ya kai ka ga mai milimita 6. Hannun gilashi zai riƙa gugar leda, kilif ba zai kama ba, ƙofa kuma sai an doka ta.

Ɗora tsohon a kan sabon, ka matse su da kilam, wato abin da kafintoci ke matse katako da shi, ko ka ɗaura su da ƙananan sukurori biyu ta ramukan da ke akwai don kada su motsa. Zana gefe da kowane rami da fensir mai tsini. Inda gindin tsohon ya cinye babu abin bi, ɗauko na ɗaya ƙofar ka kifa shi, hagu da dama madubin juna ne in ban da wuraren maɓallai. In duka biyun sun cinye, manna farar leda mai nuna ciki a jikin ƙofar, ka zana ramukan ƙarfen da bakin ƙofar da alƙalamin maka, ka mayar a kan allo. Sai dai a nan akwai tarko: kilif na ƙarfe, irin na Bitil, zura shi ake yi ta ramin allo ya zame gefe, don haka kansa ba ya zama daidai tsakiyar ramin. Sa kilif ɗaya a guntun allo ka auna tazarar, ka matsar da ramukanka da gwargwadon haka.

Yanka a kan layi ko ɗan cikinsa, ba wajensa ba. Tsohuwar leda ta riga ta tsuke da shekaru, in allo ya fi na da girma ko da milimita 2 ne sai ka ga bakinta ya ƙi naɗowa. Wajen huda, sa guntun katako a ƙasa don kada bakin ramin ya farfashe. Goge gefuna su yi santsi, kaifin gefe na yanka leda a hankali.

Yanzu kai allon tsirara jikin mota. Sa kilif, ka manna shi, ka mayar da hannun gilashi ka murɗa, ka rufe ƙofa ka buɗe. Duk gyaran da za a yi a yi shi yanzu, bayan an sa leda babu sauran dama.

Shafin da ke hana shi shan ruwa

Wannan matakin ne masu shago ke tsallakewa don ba ya nunawa a ido. Sabon allo ne ko tsohon da ka miƙar, shafe shi da banish na katako ko fentin mai. Shafin farko a sirka shi da tina ya yi ruwa-ruwa don ya nutse, in ya bushe a ƙara biyu. Fuska da baya duka, domin in gefe ɗaya ka shafa, ɗayan zai sha danshi shi kaɗai allon ya sake lanƙwashewa. Bakin allo da cikin ramuka su ne suka fi sha, musamman gindin, bi su da ɗan burushi har su ƙoshi. Bari ya bushe sarai, sannan ka ɗan goge inda gam zai hau da samfefa.

Komawa kan ƙofar

Yayin da fenti ke bushewa, ga aikin da ya fi kowanne. Kowace ƙofar mota ruwa na shigarta ta bakin gilashi, haka aka ƙera ta. Abin da aka tanada shi ne ya gangara ta ciki ya fita ta 'yan ramukan da ke ƙarƙashin ƙofa, sannan a manna leda tsakanin ƙarfe da kwali don kada ya fantsamo. Durƙusa ka leƙa ƙarƙashin ƙofarka. Sau da yawa za ka tarar ramukan sun toshe da laka da tsatsa, ko mai fenti ya cike su da fila. Zura waya ko tsinken tsintsiya ka buɗe su. Wata ƙofar kana sokawa za ka ga jan ruwa ya tsiyayo maka a hannu, wanda ya yi makonni a ciki. Zura hannu ta manyan ramukan ƙarfen ka kwashe dagwalon da ke ƙasa, a nan ake tsintar fasassun gilashi da tsofaffin kilif, don haka da safar hannu. In ya bushe ka kankare tsatsa ka shafa jan fentin ƙarfe, amma kada ka sake toshe ramukan da shi.

Duba robar bakin gilashi ta waje. In ta bushe ta tsage ko ta daina taɓa gilashi, sauya ta. Sannan ɗaga gilashi ka tuttula ruwa a kansa daga waje da buta, kana kallon ciki. Ya kamata ka ga ruwa na fita ta ƙasa nan take, ka kuma ga wuraren da yake ɗigowa ta fuskar ƙarfen.

Ledar tsakani kuwa, a tsohuwar mota da wuya ka same ta, wani ya yage ta tuntuni ya jefar. Yanko sabuwa daga leda mai kauri irin wadda magina ke shimfiɗawa kafin su zuba kankare. Abin manna ta shi ne baƙin danƙon nan da ake haɗa fitilun mota da shi, wanda ba ya bushewa, don gobe in an zo gyara a ɗaye a mayar. Salatif ba ya daɗewa a zafin ƙofa. Zagaya danƙon ba tare da yankewa ba, kuma a ƙasa ka bi da shi ta ƙarƙashin ramukan ƙarfen dab da bakinsu, yadda ruwan da ya gangaro ta jikin leda zai koma cikin ƙofa. A kan babban ramin ƙasa ƙara wani ɗan yanki ta ciki, ka zura harshensa cikin ƙofar. In ledar ta sauko ta wuce ramukan babu abin da ya tare ƙasanta, ka yi wa ruwa hanya ne kai tsaye zuwa gindin kwalinka. Inda sandar hannun gilashi da wayoyi za su fito, tsaga kaɗan daidai su.

Mayar da leda

In soson ya mutu, sa sabo siriri, milimita 3 zuwa 5. Gam ɗin wannan aiki shi ne mai ruwan ɗorawa irin su Evo-Stik, wanda ake shafa wa fuska biyu a jira minti goma zuwa sha biyar har ya daina bin yatsa kafin a haɗa. Wanda ya haɗa shi da ɗanye zai ga leda ta kumbura ta saki. A kan soso shafi kaɗan ake yi, in ya jiƙe da gam zai manne ya bar ramuka a fuskar leda. Tururin gam ɗin nan na kama wuta, saboda haka a waje za ka yi, nesa da janareta da risho da mai shan taba. A gidan haya mai tsakar gida ɗaya, duba ko wata na girki kusa kafin ka buɗe gwangwani.

Kilif-kilif da adon ƙarfe su ake fara sawa in irin waɗanda leda ke rufewa ne, mutane kan manta sai sun gama. Ɗumama ledar a rana, ka kifa ta a tebur, ka ɗora allo ka daidaita da ramin hannun gilashi da layukan ado. Fara naɗo tsakiyar sama, sai tsakiyar ƙasa, sai gefe da gefe, kana ja daidai wa daida kana nufar kusurwa. A kusurwa yanka bakin ledar ƙanana-ƙanana kamar haƙora don ta kwanta ba tare da ta taru ba, amma kada yankan ya kai inda ido zai gani. Gam kaɗai kan saki da zafi, don haka ƙara da fil ɗin sitefula gajere. Gwada shi a guntun allo tukuna, in ya fi allon tsawo zai ɓullo ta fuska. In sabuwar leda ce, kada ka huda ramukan hannu sai ka gama naɗewa, kuma ka yi su ƙanana da yadda kake zato.

Kilif da ya karye ko ya saki a sauya shi, da 'yan robobin da yake shiga a jikin ƙofa in motar na da su. Ɗauki ɗaya ka tafi da shi Ladipo, don iri-iri ne kuma da ido duk kama suke yi. Sifika mai nauyi kada a rataya ta a jikin kwali, a ɗaura ta a ƙarfen ƙofa ko a kan zoben filawud da aka kafe a ƙarfen.

Wajen mayarwa, haɗa wayoyi, rataya bakin sama, leƙa ka tabbata kowane kilif na kallon raminsa, sannan ka buga da gindin tafin hannu daidai kansa. In ɗaya ya ƙi shiga kada ka ƙara ƙarfi, ja baya ka duba. Hannun gilashi kuma, ɗaga gilashin sama ka sa shi yadda ba zai tokari gwiwa ba, iri ɗaya a hagu da dama. 'Yar wayar kofaton doki a jikin hannun ake fara sa ta, sannan a tura shi ya yi ƙas.

Allon bayan kujera da na cikin but

Hanyar ɗaya ce, sai dai abokin gabar ya bambanta. Allon da ke ƙarƙashin gilashin baya rana ce ke cin sa, ga nauyin sifika, don haka filawud ya fi masa, da ɗan katako a gicciye ta ƙasa in yana da faɗi. In ka ga tabon ruwa a kansa, robar gilashin baya ce ke yoyo. Na gefen but da wanda ke rufe safaya taya kuwa, ruwansu daga robar murfin but ko bayan fitilun baya yake zuwa. Cire safayar ka duba ramin da take zama, in akwai ruwa kwance, a samu mai zuba ruwa daga waje kai kuma ka leƙa da tocila ta bayan kujera har ka ga inda yake ɗigowa. A wajen wankin mota kuma ka gaya wa yaran su daina kafa bakin injin feshi a bakin gilashi da jikin kwali, tsumma mai danshi ya ishi cikin ƙofa.